Yadda Yaya Ta Lallashi Babur Ɗina

Litinin, 3 ga wata, 6:10 na yamma

Matata ce ta ba ni wannan littafin, cikin ragowar waɗanda take tsara darasin 'yan ajinta. Malama nake ce mata, kamar yadda kowa ke cewa. Ta ce tunda na ƙi magana da mutane, in yi da takarda. To ga ni.

Yau muka fara zuwa asibiti. Likita ya ce sau uku a mako, Litinin, Laraba da Juma'a, har mako shida. Sauran abin da ya faɗa ba sai na rubuta ba.

Mota ba ta yi mata yanzu. Da ta ji warin kujera sai amai ya taso. Ta ce ita dai a bayana take so, iska na dukan fuskarta. Matsalar babur ɗin ce. Irin na yanzu ne marasa kafireto, waɗanda wata 'yar kwamfuta da ake ce wa ƙwaƙwalwa ke auna musu mai. A buɗaɗɗen titi ba ka da abin cewa. Amma cikin cunkoso, in na saki totur na sake murɗawa kaɗan, sai ya yi wata fizga kamar an tsikare shi. Shekara guda ina hawa ban taɓa damuwa ba. Yau duk fizga ɗaya sai in ji yatsunta sun nutse a haƙarƙarina. Ɗinkin tiyatar da aka yi mata bai gama kamewa ba. Fizga sha tara na ƙirga daga gida zuwa ƙofar asibiti.

Da muka sauka na ce, "Ya yi miki zafi?"

Ta ce, "Wane zafi? Kai dai Allah bai yi ka direba ba."

Tana dariya, hannunta na dafe da ciki.

Laraba, 5 ga wata, 2:30 na rana

Mun je mun dawo. Ashirin da biyu.

Alhamis, 6 ga wata, 5:45 na yamma

Na kai wa Yaya babur ɗin.

Yaya ce babba a gidanmu, ni ne auta, shekara sha ɗaya ke tsakaninmu. Garejin na Baba ne. Da ya rasu kowa ya ɗauka rufewa za a yi, sai ta ɗauki rigar aikinsa ta nannaɗe hannun riga har sau uku ta buɗe ƙofa. Lokacin da babura masu ƙwaƙwalwa suka fara shigowa, kanikawan layin suna ganinsu suna kau da kai, ita ta tafi kwas na wata shida ta dawo da kwamfuta a jaka. Ban taɓa kai mata gyara ba. Farkon fara aikinta ni ne na ce a gaban mutane za ta ja mana abin magana. Ina da shekara ashirin, bakina ya fi kaina girma. Muna gaisawa, muna zumunci, amma gareji ban taka ba.

Ta ɗago daga ƙarƙashin wani babur ta ce, "Auta! Hanya ka ɓata?"

Na ce, "Fizga yake yi, Yaya."

Ba ta ƙara tambaya ba. Ta ɗora shi kan ƙafarsa ta tsakiya ta tayar. Da yatsa biyu ta riƙe totur, ta murɗa kamar faɗin ƙwayar shinkafa, ta saki, ta sake murɗawa. Sannan ta ɗauki doguwar sukundireba ta ɗora bakinta kan nozul ɗin da ke fesa mai, ta kara kunnenta a ƙotar, ta rufe ido. Ina tsaye ina kallonta. Haka Baba yake yi, sai dai shi yana cije leɓe, ita kuwa fuskarta kamar mai sauraron labari mai daɗi.

Ta ce, "Yunwa yake ji. Daga kamfani aka ƙaƙaba masa rowa. In totur na ƙasa-ƙasa, man da ƙwaƙwalwa ke ba shi bai kai iskar da yake shaƙa ba. In ka saki kuma sai ta yanke man gaba ɗaya. Da ka sake taɓawa sai ta antayo shi lokaci guda. Ka hana mutum ruwa wuni guda ka watsa masa bokiti, ai dole ya zabura."

Na ce, "Yana gyaruwa?"

"Yana gyaruwa. Amma ba na taɓa ƙwaƙwalwa sai na tabbata jiki lafiya yake."

Ta kwance matatar iska, ta nuna mini, ta girgiza kai. Ta ciro maƙogwaron injin, cikinsa baƙi ƙirin, ta wanke shi da ɗan buroshi har ya koma kamar sabon cokali. Nozul ɗin ta jefa a wani ɗan kwano mai ƙugi, datti na tashi kamar hayaƙi cikin ruwa. Ta rage sakin wayar totur, ta ɗame sarƙa. Duk kusoshin da ta kwance a jere suke kan tsumma, yadda ta ciro su.

Ba ta yi maganar Malama ba sai da zan tafi. Ko a nan ma cewa kawai ta yi, "Ƙarfe nawa kuke fita gobe?"

Na ce bakwai da rabi.

Ta ce, "Bakwai yana ƙofar gidanka."

Juma'a, 7 ga wata, 3:00 na rana

Bakwai saura biyar yana ƙofar gida, har da ɗan matashi da ta ɗaura a kujerar baya.

Sha ɗaya yau. Malama ta ce, "Wa ya yi wa dokinka faɗa?"

Ta sha rabin kofin shayi. Burodin yana nan.

Asabar, 8 ga wata, 6:20 na yamma

Wuni na yi a gareji. Yau aka shiga ƙwaƙwalwa.

Yaya ta ɗaga kujera ta jona waya daga babur zuwa kwamfuta, ta cusa wani ɗan ƙarfe a bakin salansa mai shinshinar hayaƙi. Sai ga wani allo ya fito, gida-gida kamar jadawalin jarrabawa, kowane gida da lambarsa. Ta ce layin sama yawan murɗa totur ne, na gefe kuma gudun inji, lambar da ke ciki ita ce man da za a fesa a daidai wannan lokacin. Ta sa ni na riƙe totur a wuri ɗaya, tana kallon lambar hayaƙin, tana ƙara kaɗan. Kashi biyu, kashi uku. In ta gyara gida ɗaya sai ta bi maƙwabtansa ta daidaita, wai kada injin ya taka matakala, gangara take so ya bi. Sannan ta sassauta yanke man nan da ake yi in an saki totur.

Awa huɗu a kan gidaje goma sha biyu. Ban san ana haƙuri irin wannan ba. Mu a gidan ɗab'i in launi ya kusa daidai sai mu ce ya yi. Ita ba ta san "ya kusa" ba.

Muna ciki wani ya shigo da ƙaton jan babur, tabarau a goshi. Ya dube ta ya dube ni ya ce, "Madam, ina ogan? So nake a buɗe mini shi, ya riƙa tashi sama."

Yaya ta ce, "Oga ya fita, ni mai shara ce. Amma kafin ya dawo, ka san fulogin silinda na biyu ya kusa mutuwa?"

Ya ce, "Ya aka yi kika sani?"

Ta ce, "Tun daga kwana na ji ka. Dawo Talata."

Ya cire tabarau ɗin ya ce, "Allah ya kai mu, Injiniya."

Na yi dariya har na manta. Sai da na hau hanya na tuna.

Lahadi, 9 ga wata, 8:00 na safe

Na kakkaɓe matashinta kafin ta fito daga wanka. Gashin da na tarar na naɗe a takarda na kai bola.

Litinin, 10 ga wata, 2:15 na rana

Mun je mun dawo. Huɗu kacal. Huɗu! Yanzu in na murɗa, tashi yake kamar ana zuba mai a kwalba. Na kira Yaya na faɗa mata, ta ce, "Huɗu sun yi yawa."

Laraba, 12 ga wata, 6:50 na yamma

Ba na son rubuta yau.

A cunkoson shataletale ya fara tari, ya yi baƙin hayaƙi, ya mutu. Na tayar ya ƙi. Na sake, ya ƙi. Motoci na ta oda a bayanmu. Malama ta sauka ta jingina da sandar fitila cikin rana, tana ce mini, "Kada ka damu, ina shan iska ne." Sai da ya huce ya tashi. Mun makara da minti arba'in, an ba wani layinmu, ba a kira ta ba sai ƙarfe uku. Da muka dawo da ƙyar na shigar da ita ɗaki.

Na wuce gareji. Na ce wa Yaya matata ba abin gwaji ba ce. Na ce gara fizga da a bar mu a titi. Na ce da Baba ne ba zai yi haka ba. Akwai mutane a wurin.

Ta goge hannunta da tsumma, yatsa ɗaya bayan ɗaya. Ta ce, "Bar makullin."

Na jefa shi kan teburi na taho a ƙasa.

Alhamis, 13 ga wata, 1:40 na rana

Bakwai da kwata na ji ƙarar babur ɗin a ƙofa. Yaya ce. Ta leƙa ta gaida Malama, ta fito ta miƙo mini hular kwano.

"Hau. Kai ni asibitin. Hanyar da kuke bi, lokacin da kuke bi."

Ta jona wata 'yar na'ura ƙarƙashin kujera, ta hau bayana tana kallon lambobi a wayarta. Rabon da in ɗauki Yaya a babur ban ma tuna ba. Muka shiga cunkoson shataletale, zafin inji na dukan ƙwaurina, ya fara tarin jiya. Ta ce, "Tsaya gefe."

Ta nuna mini wayar. Akwai ɗan abin da ke gaya wa ƙwaƙwalwa zafin inji, to ashe ƙarya yake yi. Inji na tafasa, shi yana cewa da sanyi. Ƙwaƙwalwa sai ta ƙara mai don ta ɗumama shi, a kan wanda Yaya ta riga ta ƙara, har ya shaƙe.

Ta ce, "Laifina ne. A inuwar gareji na gwada shi, da fanka a kansa. Ban gwada shi inda zai yi aikin ba. Kuma ni da bakina na ce sai na tabbata jiki lafiya yake, ban auna wannan ba. Ka yi haƙuri, Auta."

Ni na zage ta a gaban mutane, ita ke ba ni haƙuri a bakin titi. Na rasa inda zan sa idona.

Ta ce mu ƙarasa. Muka bi doguwar hanyar nan mai itatuwa har muka hango ƙofar asibiti. Ta sake cewa in tsaya.

"Saura magana ɗaya. Huɗun nan da ka ce sun rage, na gan su. Ba na babur ba ne."

Na ce, "Na mene ne?"

"Na hannunka ne. Daga inda ake hango ƙofar can sai ka saki totur gaba ɗaya, ka sake cafkewa, ka sake saki. Babu mota a gabanka, babu rami. Ina jin bayanka yana rawa tun daga kwanar can."

Na buɗe baki zan musa. Abin da ya fito ba magana ba ce. Tun ranar da likita ya rufe ƙofar ofishinsa ya ce mu zauna ban yi kuka ba, sai yau, a kan babur, hular kwano a kaina. Yaya ba ta rarrashe ni ba. Zagayowa ta yi ta tsaya tsakanina da masu wucewa, ta duƙa tana taɓa wayoyi kamar wani abu ya lalace. Wani mai shayi ya ce, "Lafiya?" Ta ce, "Inji ne ya ɗau zafi, yanzu zai huce."

Ta daɗe a duƙe. Babu abin da ya lalace a wurin.

Alhamis, 5:30 na yamma

Ta canza abin zafin, ta sake bin gidajen nan tun daga farko, ta rage kashi ɗaya a wasu. Wannan karon ta kashe fanka, ta bar injin ya yi zafi sosai kafin ta yarda da lambar. Sannan ta fitar da ni filin bayan gareji. Ta ce in kwantar da tafin hannu a ƙarshen mariƙi, yatsa biyu a kan birki, in daina shaƙe totur kamar ya ci mini amana. Ta ɗora kofin ruwa a kan tanki ta ce in zagaya. Sau shida ina jiƙa wandona. Na bakwai ruwan bai zuba ba.

Na ce, "Yaya, maganar jiya..."

Ta ce, "Wace? Sake zagayawa."

Juma'a, 14 ga wata, 2:20 na rana

Mun je mun dawo. Ɗaya, kuma nawa ne.

Litinin, 17 ga wata, 2:00 na rana

Mun je mun dawo. Babu ko ɗaya. Malama ta ce ba ta san mun iso ba.

Juma'a, 21 ga wata, 4:10 na yamma

Mun je mun dawo. Ta yi nauyin tsuntsu. In na kwanta a kwana ba na jin akwai mutum a baya, sai na taɓa gwiwarta na tabbatar.

Talata, 25 ga wata, 11:00 na safe

Zazzaɓi. Sun riƙe ta a asibiti.

Laraba, 26 ga wata, 6:00 na yamma

Na dawo ɗaukar mata kaya. Babur ɗin yana tafiya sumul, ko gargada babu, kujerar baya ba kowa. Na ji haushinsa. Me zan yi da santsinsa ni kaɗai?

Alhamis, 27 ga wata, 5:15 na yamma

Na shiga ɗakin da aka kwantar da ita na tarar da Yaya zaune a bakin gado. Ta rufe gareji da rana tsaka, abin da ko ranar da ta karye a yatsa ba ta yi ba. Tana ɓare lemo da faratan nan nata da baƙin mai ba ya fita ko an wanke, tana cire zaren jikin kowane ɓari kafin ta miƙa. Malama da ta kwana biyu tana juya wa abinci baya ta ci ɓari biyar.

Da suka gan ni suka fashe da dariya.

Na ce, "Gulmata ake yi?"

Malama ta ce, "Yaya ke ba ni labarin wandonka da kofin ruwa."

Wata ma'aikaciyar jinya ta zo gyara ledar ruwa, abin ɗigon ya ƙi daidaituwa. Na ga idon Yaya a kai, yatsunta na motsi a cinyarta. Na ce, "Yaya, a'a." Ta ce, "Ni na ce wani abu?"

Litinin, 31 ga wata, 3:00 na rana

An sallame ta Asabar. Yau mun ci gaba. Za a ƙara mana kwana biyun da muka rasa a ƙarshe.

Juma'a, 4 ga sabon wata, 2:10 na rana

Mun je mun dawo.

Laraba, 9 ga wata, 2:25 na rana

Mun je mun dawo. Ta nemi shinkafa da kanta. Na dafa ta caɓe, ta cinye tana zagin girkin.

Laraba, 16 ga wata, 1:50 na rana

Na ƙarshe. An ɗebi jini, an yi hoto. Alhamis ta sama za mu ji.

Lahadi, 20 ga wata, 4:30 na yamma

Na wanke babur. Na wanke shi jiya ma.

Alhamis, 24 ga wata, 6:15 na yamma

Likita ya daɗe yana kallon hoton. Ya juyo da allon ya nuna mana na da da na yanzu. Ni ban iya karanta hoto ba, fuskarsa nake karantawa. Ya ce bai ce an gama ba. Ya ce amma abin da yake fata ya gani shi ya gani. Mu dawo bayan wata uku. Wata uku cur, babu Litinin, babu Laraba, babu Juma'a.

A hanyar dawowa ina tafiya a hankali yadda na saba. Mun zo kwanar gida na sa sigina, sai Malama ta buga mini kafaɗa.

"Wuce."

"Ina za mu?"

"Sabon titin bayan gari. Mako bakwai kana ɗauke da ni kamar tiren ƙwai. Na gaji. Murɗa shi."

Na ce, "Malama, ɗinkin..."

"Ɗinkin ya warke tun tuni, kai ne ba ka warke ba. Murɗa!"

Titin ba kowa, miƙaƙƙe har inda ido ya tsaya. Na murɗa. Ban taɓa jin babur ɗin nan haka ba. Bai zabura ba, bai yi haki ba, ɗaukarmu kawai ya yi yana ƙarawa, giya bayan giya, kamar wani ya sa hannu a bayanmu yana turawa. Ta ƙanƙame ni tana ihu. Na firgita na fara ragewa, ta ce, "Wa ya ce ka tsaya?"

A ƙarshen titin muka tsaya ƙarƙashin wata bishiya. Ta karɓi wayata ta kira Yaya, ta sa yadda zan ji.

"Yaya, wata uku! Ya ce sai bayan wata uku! Kuma gudunmu ya kai tamanin!"

Ina jin ƙarar guduma daga garejin maƙwabta.

Yaya ta ce, "Ba ni shi."

Na ce, "Ina ji, Yaya."

"Auta, kana da hankali kuwa? Tamanin da mara lafiya?"

"Ita ta ce."

Sannan a hankali ta ce, "Ya ja?"

"Ya ja, Yaya."

"Bai yi tuntuɓe a tsakiya ba? Wajen giya ta uku?"

"Ko kaɗan."

Na ji ta ajiye wani ƙarfe. Na ji ta face hanci, sau biyu, da ƙarfi, yayata da ban taɓa ganin hawayenta ba ko ranar da aka fita da Baba.

Ta ce, "To. Ku dawo a hankali. Ka kawo shi Asabar in canza masa baƙin mai."